SEC: Yadda gamayyar jami'o'i 16 ta kankane besbol a Amurka, da abin da kakar 2026 ke tafe da shi

Ranar 22 ga Yunin 2025, a birnin Omaha na jihar Nebraska, jami'ar LSU ta doke Coastal Carolina da ci 5-3, ta ɗaga kofin besbol na jami'o'in Amurka. Karo na shida ke nan a jere da kofin ya faɗa hannun gamayya ɗaya, wato SEC ta jami'o'in kudu maso gabashin ƙasar. Vanderbilt ce ta ɗauka a 2019, a 2020 annobar korona ta hana a yi gasar, sai Mississippi State a 2021, Ole Miss a 2022, LSU a 2023, Tennessee a 2024, sannan LSU ta sake dawowa. Wanda ya fara bin wasan a 'yan shekarun nan zai zaci haka abin yake tun fil'azal. Amma tun 1947 ake wannan gasa, kuma sai da aka yi ta sau 43 ba tare da wata jami'ar SEC ta taɓa kofin ba.

Bayanin da aka fi saurin kawowa shi ne yanayi: kudu akwai ɗumi, yara na wasa a waje duk shekara, arewa kuwa ƙanƙara. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ɗumin nan yana nan a duk tsawon shekaru arba'in ɗin da suka yi suna kallon wasu na cin kofi. A nawa ganin, abin da ya sauya shi ne mutanen kudu sun koyi cika filin besbol da 'yan kallo, 'yan kallo suka jawo kuɗi, kuɗi kuma ya sayo koci da gini da ɗan wasa. Abu ɗaya ne ya daɗe yana taka wa kuɗin nan birki, kuma a 2025 aka cire shi. Da wannan idon ya kamata a kalli kakar 2026.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga shi a taƙaice. Besbol, wanda wasu ke kira ƙwallon gora, tara-tara ake buga shi. Majefi yakan tsaya kan ɗan tudu a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo, mai gora na abokan hamayya ya yi ƙoƙarin maka ta. In ya samu, sai ya ruga ya bi tashoshi huɗu da aka jera a kusurwoyin fili. Duk wanda ya kewayo ya dawo gida an ci maki ɗaya. Idan ƙwallon ta tsallake katanga, shi ne hom-ron, mai bugun da duk wanda ke kan tasha su kewayo ba mai tare su. Da zarar an fitar da mutum uku sai a yi musanye, masu jifa su karɓi gora. Zagaye tara ake yi, kuma babu agogo. Ba ka da damar ɓata lokaci don kana kan gaba. Dole sai ka fitar da mutum na ƙarshe da hannunka. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. A kuma riƙe cewa majefin da ya buɗe wasa ya yi jifa wajen ɗari, hannunsa na bukatar hutun kusan mako kafin ya sake.

Ita kuwa gamayya, taron jami'o'i ne da suka amince su riƙa karawa da juna a duk wasanni, su kuma raba kuɗin talabijin a tsakaninsu, a ƙarƙashin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka. Babu faɗuwa rukunin 'yan dagaji kamar a Firimiya. Ko ka zo na ƙarshe shekara goma, kujerarka na nan. An kafa SEC, gamayyar kudu maso gabas, a Disambar 1932 a birnin Knoxville, lokacin da jami'o'i 13 suka ɓalle daga tsohuwar Southern Conference. Uku sun fice daga baya: Sewanee a 1940, Georgia Tech a 1964, Tulane a 1966. Arkansas da South Carolina suka shigo a 1991, Missouri da Texas A&M a 2012, Texas da Oklahoma a 2024. Yau 16 ne, hedikwatarsu na Birmingham a jihar Alabama.

A shekarun farko besbol ɗan bora ne a kudu. Ƙwallon zari-ruga ta Amurka ita ce mowa, ita ke cika filaye, ita ake wa gini. Sau da yawa mataimakin kocin zari-ruga ake miƙa wa besbol ya riƙe na 'yan watanni kafin kakarsa ta zagayo. Akwai kuma wani tabo da bai kamata a tsallake shi ba. Jami'o'in nan na wariyar launin fata ne. Ole Miss ta lashe gamayyar a 1959 da 1960, amma ba ta je gasar ƙasa ba, saboda a jihar Mississippi ba a yarda ƙungiyarsu ta kara da ƙungiyar da ke da baƙar fata ba. Baƙar fata na farko da ya buga wa babbar ƙungiyar wata jami'ar SEC a kowane wasa ɗan besbol ne, Stephen Martin na Tulane, a 1966, shekarar da jami'arsa ke bankwana da gamayyar. Yankin da ya rufe ƙofa ga ɗimbin 'ya'yansa, ya kuma hana zakarunsa fita, bai da bakin kukan rashin kofi.

A wancan zamani yamma ce ke cin karenta babu babbaka. USC ta Kalifoniya na da kofi 12 har yau, biyar daga ciki a jere, daga 1970 zuwa 1974, a hannun koci Rod Dedeaux. Arizona State na da biyar. Texas, wadda a lokacin ba ta SEC, tana da shida. Har jami'o'in arewa masu sanyi sun ci rabonsu: Minnesota sau uku, Michigan sau biyu, Ohio State a 1966. SEC takan leƙo dai. Tennessee ta kai wasan ƙarshe a 1951, Alabama a 1983, duka suka dawo hannu rabbana.

Mutum biyu suka juya akalar. Na farko Ron Polk, wanda ya zama kocin Mississippi State a 1976, har ake masa laƙabi da uban besbol na SEC. Ya ɗauki aikin a matsayin sana'a ta cikakken lokaci, ya kuma nuna cewa ƙaramin gari irin Starkville, da mutanensa ba su kai dubu talatin ba, zai iya tara jama'a a kan besbol. Ƙungiyarsa ta 1985, mai Will Clark da Rafael Palmeiro, ba ta ci kofi ba, amma ta sa maƙwabta sun fara tambayar kansu me ya hana su. Na biyu Skip Bertman, wanda ya zo LSU a 1984 daga Miami, inda ya yi mataimaki ga Ron Fraser, gwanin tallata wasa. Bertman ya tarar da fili kusan wayam a Baton Rouge. Ya shiga gari yana jawabi a tarurruka, yana sayar da tikiti, yana neman 'yan kasuwa su sa talla a katanga. Georgia ce ta fara buɗe wa SEC ƙofa a 1990, amma Bertman ne ya shige da kayansa: 1991, 1993, 1996, 1997, 2000. Kofi biyar cikin shekara goma.

Na 1996 shi ne wanda ba a mantawa. Wasan ƙarshe, Miami na gaba da 8-7, zagaye na tara, an fitar da mutum biyu na LSU, saura ɗaya a tashi. Akwai ɗan LSU ɗaya a tasha ta uku. Wanda ya ɗauki gora Warren Morris ne, yaron da aka yi wa aiki a ƙashin hannu a kakar, ya rasa wasanni da yawa, bai buga hom-ron ko ɗaya ba duk shekarar. Jifan farko ya maka ta, ta tafi a miƙe ƙasa-ƙasa ta ɓangaren dama, ta ƙetare katanga da ƙyar. 9-8. Morris na kewayawa yana ɗaga hannu, 'yan Miami kuwa wasunsu sun kife a ƙasa, fuska cikin ciyawa. Yaran Louisiana da suka kalli wannan a talabijin su ne iyayen 'yan wasan yau.

Shekara ta gaba LSU ta buga hom-ron 188, adadin da ba a kamo ba har yanzu. Gorar ƙarfe ce ake amfani da ita a jami'a tun 1974, ba ta katako irin ta ƙwararru ba, kuma a ƙarshen shekarun 1990 ta yi zafin da har wasan ƙarshe na 1998 ya tashi 21-14 tsakanin USC da Arizona State. NCAA ta yi ta rage wa gorar ƙarfi, mafi tsanani a 2011, har maki ya yi ƙaranci aka koma gyara ɗinkin ƙwallon a 2015. Abin lura shi ne a kowane yanayi SEC ta ci: da gora mai zafi LSU ta ci, da gora mai sanyi South Carolina ta Ray Tanner ta ci a 2010 da 2011, Vanderbilt ta Tim Corbin ta ci a 2014. Kofin USC na 1998 shi ne nata na ƙarshe.

In ana son a ga tushen abin, sai a je filin Dudy Noble na Starkville ranar Asabar a watan Afrilu. Bayan katangar hagu akwai wani wuri da suke kira Left Field Lounge. Tun shekarun 1960 mutane suka fara ajiye motoci a nan don su kalli wasa, har abin ya zama tsofaffin a-kori-kura da tireloli da aka kafa wa benaye na katako, kowane gida da nasa wurin, ana gadonsa. Kafin a fara jifa hayaƙin gashin nama ya turnuƙe, kuma al'adarsu ce su miƙa wa ɗan wasan baƙi da ke tsaron wannan ɓangare abinci ta saman katanga bayan wasa, ko da sun yini suna yi masa tsiya. Da aka rushe filin aka sake gina shi a 2018 da 2019 kan kuɗi sama da dala miliyan 60, sai da aka tanadar wa waɗannan mutane wurarensu na dindindin. A Afrilun 2023 mutum 16,423 suka shiga kallon wasansu da Ole Miss, adadi mafi yawa da aka taɓa gani a filin cikin jami'a. Arkansas ta buɗe nata filin a Fayetteville a 1996, LSU ta tare a sabon Alex Box a 2009, kowa ya ga na maƙwabcinsa sai ya ƙara nasa. Jihohi irin Mississippi da Arkansas da Alabama da Louisiana da South Carolina ba su da ƙungiyar babbar gasar ƙwararru ta MLB ko ɗaya. Ƙungiyar jami'a ita ce tasu, ita suke wa kara.

A kan wannan aka ɗora kuɗin talabijin. Tashar SEC Network ta fara aiki a Agustan 2014, kuma rabon da gamayyar ke ba kowace tsohuwar mambarta a shekara ya haura dala miliyan 50. Zari-ruga ce ke kawo mafi yawansa, amma ɓarɓashin da ke faɗowa kan besbol ya fi duk kasafin wasanni na wasu ƙananan jami'o'i. Zuwa ƙarshen kakar 2025 SEC na da kofi 17, a hannun jami'o'i takwas. Sau shida wasan ƙarshe ya zama na 'yan gida ɗaya: 1997, 2011, 2017, 2021, 2023 da 2024. In aka haɗa da Texas da Oklahoma da Missouri da suka ci nasu kafin su shigo, 11 cikin 16 sun san ɗanɗanon kofi. Biyar ne ba su sani ba: Alabama, Arkansas, Auburn, Kentucky da Texas A&M.

Yanzu ga birkin da na ambata. Tun farkon shekarun 1990 NCAA ta ƙayyade wa kowace ƙungiyar besbol tallafin karatu 11.7 kacal. Ba mutum 11.7 ba, kuɗin karatun mutum 11.7, wanda koci zai yanyanka ya raba wa 'yan wasa har 27. Wannan kashi 25 cikin ɗari, wancan 40, tauraro ya samu 60 ko 70. Ke nan yaron da ke jawo mutum dubu goma filin wasa, iyayensa na cin bashi don biya masa ragowar kuɗin makaranta. Ron Polk ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da wannan doka. Ta kuma haifar da wani rashin daidaito a cikin gida: jihohi irin Georgia da Florida da Louisiana na da tallafin karatu na gwamnati ga ɗaliban jiha masu maki mai kyau, Vanderbilt mai zaman kanta na da nata asusun tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi, sai kocinsu ya jingina da waɗannan ya adana 11.7 ɗinsa, alhali na Mississippi da Alabama ba su da irin wannan madogara. Doka ce mai cutar da yara, ban taɓa ganin dalilin kare ta ba. Amma tana da wani amfani da ba don shi aka yi ta ba: LSU komai arzikinta 11.7 gare ta, daidai da Coastal Carolina. Yaron da babbar jami'a ta yi wa tayin kashi 25 yakan iya zaɓar ƙarama mai ba shi 70. Ta haka Fresno State ta ci kofi a 2008, Coastal Carolina ta ci a 2016.

Katangar ta fara zubewa ne a 2021. A Afrilu aka ba ɗan wasa damar sauya jami'a ba tare da ya zauna shekara guda ba, a Yuli kuma aka halatta masa karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa. A shekarar ce kuma MLB ta mayar da zaɓen sababbin 'yan wasa zagaye 20 maimakon 40 da aka saba, ta rage ƙananan ƙungiyoyin reno daga 160 zuwa 120, sai yara da yawa da a da za su wuce ƙwararru daga sakandare suka nufi jami'a. Misali mafi bayyana shi ne Paul Skenes. Makarantar sojan sama ta Air Force ce ta rene shi shekara biyu, LSU ta ɗauke shi, ya ci mata kofin 2023, aka zaɓe shi na ɗaya a ƙasa baki ɗaya, abokin wasansa Dylan Crews na biyu. Ƙananan jami'o'i sun koma gonar manya: su shuka, su yi noma, wani ya zo ya girbe.

Sai ranar 6 ga Yunin 2025, mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House. NCAA da manyan gamayyoyi za su biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8, kowace jami'a kuma za ta iya biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kaso mafi tsoka na zari-ruga ne da ƙwallon kwando. Abin da ya shafi besbol kai tsaye shi ne an binne 11.7. A madadinsa an ce ƙungiya kada ta wuce mutum 34, amma duk 34 ɗin za a iya ba su cikakken tallafi. Ga yaro da iyayensa wannan alheri ne da ya makara da shekara talatin. Ga gasar kuwa, cikin jami'o'i kusan 300 da ke babban rukuni, waɗanda za su iya ɗaukar nauyin 34 ba su da yawa, kuma da yawansu a SEC suke. Akwai kuma yaran da ke shiga ƙungiya ba tallafi, don son wasa kawai, waɗanda rage yawan kujeru daga 40 ya fi shafa. Kakar 2026 ita ce ta farko a ƙarƙashin wannan tsari.

To, shi ke nan an gama, kofin na SEC ne har illa masha Allahu? Tsarin gasar ne ya hana a ce haka. Ana buɗe kaka a tsakiyar Fabrairu, kowace ƙungiya ta buga wasa har 56. Talatin daga ciki na cikin gamayya ne: makonni goma daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu, kowane ƙarshen mako wasa uku da abokin hamayya ɗaya, galibi Juma'a, Asabar, Lahadi. Sai gasar gamayya a Hoover ta Alabama, inda ake yin ta kowace shekara tun 1998, wadda tun 2025 duk 16 ke zuwa, an doke ka sau ɗaya ka kama hanya. Bayan nan gasar ƙasa: ƙungiyoyi 64, a kasa su gida 16 na huɗu-huɗu, wanda aka doke sau biyu ya fita, 16 da suka tsira su kara biyu-biyu a wasa uku, takwas su tafi Omaha, inda ake kammalawa tun 1950. Wata uku na gina suna, kwana uku na iya rushe shi, in majefi ɗaya na abokan hamayya ya tashi da ƙafar dama.

Kakar 2025 ta nuna wannan ƙarara. SEC ta shigar da ƙungiyoyi 13 cikin 64, abin da wata gamayya ba ta taɓa yi ba. Vanderbilt, wadda ta ci gasar Hoover aka ba ta lamba ɗaya a ƙasar baki ɗaya, Wright State ta fitar da ita a filinta. Texas, wadda ta lashe gamayyar a shekararta ta farko da nasara 22 cikin 30, UTSA ta fitar da ita a Austin. Huɗu kawai suka tsallake matakin farko, biyu suka isa Omaha. Texas A&M da aka sa a lamba ɗaya kafin a fara kaka ko gasar ba ta samu shiga ba. Haka Arkansas ta 2021 da Tennessee ta 2022, kowacce ta share gamayya ta share Hoover, kowacce ta faɗi a gida kafin Omaha. Ole Miss ta 2022 kuwa, wadda ta sha kashi 16 cikin 30 a gamayya ta shiga gasar da ƙyar, ita ta ɗauki kofi. Tun bayan Vanderbilt ta 2019, Tennessee ta 2024 ce kaɗai ta haɗa duka ukun.

Da wannan a zuci, ga yadda nake ganin kakar 2026 tun kafin a fara ta.

LSU ce ta shigo kakar 2026 riƙe da kambu, kuma tarihin kwanan nan bai yi wa masu kambu daɗi ba. Mississippi State bayan kofin 2021 ta ci wasa 9 kacal cikin 30. Ole Miss bayan na 2022 ta ci 6. LSU kanta bayan na 2023 ta ci 13. Dalilin ba boyayye ba ne: ɗan jami'a yakan cancanci shiga ƙwararru bayan shekara uku ko in ya kai 21, ƙungiyar da ta ci kofi kuwa galibi 'yan shekara ta uku ne ƙashin bayanta, sai MLB ta kwashe su a Yuli. Kade Anderson, wanda ya yi jifan zagaye tara shi kaɗai ya hana Coastal ko maki ɗaya a wasan farko na ƙarshe, Seattle ta ɗauke shi a lamba uku. Anthony Eyanson ma ya tafi. Sai dai kocin LSU Jay Johnson ya bar ma kansa iri: Derek Curiel, Steven Milam da majefi Casan Evans duk suna nan. Rabon da wata jami'a ta ci sau biyu a jere tun South Carolina a 2011, amma wannan LSU ta fi ta 2024 tsayuwa da ƙafafunta.

Tennessee ce ta fi kowa shiga sabon yanayi. Tony Vitello, wanda ya tarar da ita a ƙasa a 2017 ya kai ta kofi, San Francisco Giants ta ɗauke shi a Oktoban 2025, karon farko da kocin jami'a ya tsallaka kai tsaye ya jagoranci ƙungiyar MLB ba tare da ya taɓa aiki a ƙwararru ba. Wannan kaɗai ya isa shaida kan matsayin da gamayyar ta kai. Mataimakinsa Josh Elander ya gaje shi, ya kuma gaji ƙungiyar da ta rasa Liam Doyle da Gavin Kilen da Andrew Fischer a zagayen farko na zaɓe. Ina ganin za su yi kyau, amma ba na sa su cikin na gaba-gaba a kakar 2026.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce Mississippi State. Sun sallami kocinsu Chris Lemonis a Afrilun 2025, shekara huɗu kacal bayan ya kawo musu kofin ƙasa na farko a tarihinsu. Suka je Virginia suka ɗauko Brian O'Connor, mutumin da ya shafe sama da shekara ashirin a can ya ci kofin 2015, wasu yaransa kuma suka biyo shi. Koci irin wannan bai barin gidan da ya gina sai ya ga inda za a ba shi abin da sabon tsari ke bukata. Da Ace Reese a tsakiyar masu gora, da jama'ar Dudy Noble a bayansu, Starkville za ta yi wuyar shiga. Texas ta Jim Schlossnagle, wanda ya bar Texas A&M kwana ɗaya bayan wasan ƙarshe na 2024 ya koma wurin babbar abokiyar gabarta, tana da kuɗi tana da majefa, Dylan Volantis a gaba. Florida na da Liam Peterson da Aidan King. Alabama na da Justin Lebron, ɗaya daga cikin waɗanda ƙwararru suka fi zuba wa ido. Auburn da Georgia da Vanderbilt da Ole Miss kowacce na iya kai wa Omaha ba a yi mamaki ba. South Carolina da ta ci 6 da Missouri da ta ci 3 cikin 30 a 2025, su fitowa daga rami ne aikinsu. Daga waje kuwa, babbar barazana UCLA ce, wadda ta je Omaha a 2025 da ƙananan yara kuma akasarinsu sun dawo, Roch Cholowsky na jan ragama. Rushewar gamayyar Pac-12 a 2024 ta jefa ta Big Ten, gamayyar da rabonta da kofi tun 1966.

Na bar Arkansas a ƙarshe don ita ce ke taɓa mini zuciya. Koci Dave Van Horn ya fara jan ragamarta a kakar 2003, ya kai ta Omaha sau da dama, amma har zuwa 2025 bai ɗaga kofi ba. A 2018 sun ci Oregon State wasan farko na ƙarshe. A na biyu suna gaba da 3-2, zagaye na tara, an fitar da biyu. Cadyn Grenier na Oregon State ya buga ƙwallo ta tashi sama ta yi wajen layi ta dama. Duk wanda ya cafke ta kafin ta taɓa ƙasa, kofi ya zama na Arkansas. Mutum uku suka rugo, kowa ya ɗaga kai, kowa ya zaci ɗan'uwansa zai kama. Ta faɗi a tsakiyarsu. Grenier ya sake samun dama ya farke, Trevor Larnach ya buga hom-ron, washegari aka doke su 5-0. A 2025 ma ta leƙo ta koma: majefinta Gage Wood ya hana Murray State buga ko ƙwallo ɗaya mai kyau a Omaha, ya fitar da mutum 19 da jifa, abin da rabon a ga irinsa a can tun 1960, kwana biyu bayan nan suna gaban LSU da 5-3 a zagaye na tara, aka doke su 6-5. Wood ya tafi, Wehiwa Aloy da ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa na ƙasa ya tafi, Zach Root ya tafi. Ryder Helfrick da Gabe Gaeckle na nan.

Wanda zai bi kakar, ya fi sa ido a wasannin Lahadi. Ranar Juma'a kowace ƙungiya a SEC na da gwanin da za ta fitar, Asabar ma akasari haka. Lahadi ce ke tona asirin wanda rumbunsa na majefa ya yi ƙasa, kuma a nan ne tallafi 34 zai fara nuna kansa, domin majefi na takwas da na tara da a da za su tafi ƙaramar jami'a neman kaso mai tsoka yanzu suna zaune a bencin Baton Rouge da Austin da Starkville. Ina sa ran LSU da Texas da Mississippi State su yi rububin saman tebur, SEC ta sake shigar da goma ko fiye cikin 64, uku ko huɗu su isa Omaha a watan Yuni. In Arkansas na cikinsu, ita zan mara wa baya.